Kan Macijin Kusugu da Ƙoƙon Kan Beyar: Shin Farautar Alfahari Baƙuwa Ce a Ƙasar Hausa?

Tun da wani likitan haƙori Ba'amurke ya kashe zakin nan Cecil a gefen gandun Hwange na Zimbabuwe a watan Yulin 2015, wani ra'ayi ya samu gindin zama a tsakanin masu nazarin al'adunmu. Ra'ayin shi ne, kashe dabba don a riƙe kanta ko fatarta ko ƙahonta a nuna wa duniya ɗabi'ar Turawa ce zalla, Bahaushe kuwa bai taɓa shiga daji ba sai don cikinsa ko don kare garinsa. Wani malamin tarihi abokin aikina ya fi kowa kafa wannan magana da hujja, shi ya sa da shi zan yi. A ganina ra'ayin yana da daɗin ji, amma abin da muka sani game da Daura da karkararta bai goyi bayansa ba.

Yadda mulkin mallaka ya mayar da farauta alamar sarauta a Afirka sananne ne (MacKenzie, 1988), haka ma riwayoyin Bayajidda (Palmer, 1928, Hallam, 1966, Smith, 1978). Ba zan maimaita su dalla-dalla ba. Abin da ke buƙatar ɗan bayani shi ne misalin da malamin ya ɗora hujjarsa a kai, wato farautar beyar, dabbar da ba mu da ita a nan. A tsibirin Kodiyak na Alaska akwai kimanin 3,500, kuma ƙasaitaccen namiji yakan kai kilo 680. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, tana auna tsawon ƙoƙon kan dabbar da faɗinsa, ta haɗa, ta rubuta a kundi tare da sunan maharbin. Mafi girma a kundin an kashe shi ne a Kodiyak a 1952, awonsa inci 30 da kashi 12 cikin 16. Malamin ya ce a nuna masa inda Bahaushe ya taɓa ɗaukar ma'auni ya gwada kan mushe don a rubuta sunansa.

Ma'auni dai babu. Amma kai akwai, kuma a tsakiyar labarin kafuwarmu yake. Baƙo, wato Bayajidda, ya sauka Daura da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, aka ce masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ke rijiyar Kusugu. Ya je ya kashe shi. Abin lura shi ne bai bar gawar yadda take ba: ya sare kan, ya ɓoye, ya koma ya kwanta. Da gari ya waye sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin, mazaje suka yi ta fitowa kowa na cewa shi ne, har sai da baƙon ya fito da kan. Mutumin da ya sare kai cikin dare, tun ba a yi shelar lada ba, ya san gobe za a tambayi wanda ya yi, kuma yana so a san shi ne. Tarihin Kano ma da maharbi ya buɗe, ƙaton mutum na zuriyar Dala mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka (Palmer, 1908). Ba a ba mu labarin yadda aka raba naman ba. Girman dabbar da ƙarfin mai ɗaukarta aka adana.

Amsar malamin ta farko ita ce mafi ƙarfi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Ya ce kan macijin shaida ce irin ta gaban alƙali, ba ado ba ne. Macijin ya hana mutane ruwa kwana shida a mako, kashe shi ceto ne, beyar na Kodiyak kuwa bai tare wa kowa rijiya ba, mutum ne ya biya kuɗin jirgi da na ɗan jagora ya je ya same shi har gida. Ya ƙara da cewa abin da Daura ke nuna wa baƙo yau rijiya ce da takobin da ake dangantawa da Bayajidda, ba kan maciji ba. Wannan gaskiya ne, kuma na yarda ya raba labarin Kusugu da kundin Amurkawa ta fuskar dalilin kisa. Sai dai bai raba su ta fuskar da yake so ba. Ba a neman shaida sai inda ake jayayya, ba a kuma jayayya sai a kan abin da ake kwaɗayi. Maƙaryatan da suka fito gaban Daurama su ne hujjata, domin sun nuna cewa a wannan al'umma sunan makashi dukiya ce da ake iya sata. Kundin Boone and Crockett ma aikinsa na asali ke nan, raba mai gaskiya da mai cika baki, shi ya sa ake sa maharbi ya rattaba hannu cewa bai yi wa dabbar maguɗi ba.

To a bar tatsuniya, a zo ga abin da ido ke gani. Da rani, bayan an kawar da amfanin gona, 'yan farauta na karkarar Kongolam da Mai'aduwa suna fita kamar yadda ake yi a sauran ƙasar Hausa, da karnuka da gora da barandami, ana kaɗa gangi. Zomo ɗaya ya tashi, mutum ya jefe shi, kafin ya sunkuya wani ƙato ya dafe. Nan take a zare wuƙaƙe, 'yan tauri su yi cirko-cirko, kowa na kirari yana ambaton ubangidansa da dazuzzukan da ya shiga. Zomon nan bai ci gonar kowa ba a wannan lokaci na shekara, namansa kuma bai isa miyar gida ɗaya ba. Me ake zubar da jini a kansa? Ana so ne a shigo gari da yamma da shi a rataye a kafaɗa, mata na leƙe ta katanga. Harshen ma ya san bambancin kisa da nuni, tunda mai neman kuɓuta daga zargi yakan ce ba shi ya kashe zomon ba, rataya aka ba shi. Haka warkin da maharbi ke ɗaurawa, da fatar damisa ko haƙorin kura da ake ɗinke laya da su. Malamin ya ce waɗannan magani ne. Ina ganin magani ne kuma sanarwa ce, domin mai su yana sa su a fili ranar taro.

Amsarsa ta biyu ta addini ce. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda duk almajirin zaure ya karanta, ta sanya farauta don wasa a cikin makaruhi, ta halatta wadda ba ta wasa ba. Daga nan ya yanke cewa al'ummar da ta bi mazhabar Malikiyya ɗaruruwan shekaru ba za ta raya farautar alfahari ba. Amma littafin da aka rubuta a Ƙairawan a ƙarni na 10 yana gaya mana abin da malamai suka karantar ne, ba abin da maharba suka aikata ba. Nicolas (1975) ya nuna yadda zuriyoyin maharba na ƙasar Maraɗi suka riƙe nasu tsarin na gado, da tsafe-tsafensa da bikin buɗin daji, kafaɗa da kafaɗa da Musulunci. Hukuncin dai abin riƙo ne ga mai wa'azi a yau, kuma ina fata a riƙe shi.

A nan dole in rage faɗin maganata. Hujjojin da na kawo ba su tabbatar da cewa farautarmu da ta Alaska abu ɗaya ba ne. Iyakar abin da suka tabbatar shi ne son a san ka kashe, da riƙe wani sashe na dabbar don tabbatarwa, ɗan gida ne. Akwai abubuwa biyu da malamin yake da gaskiya a kansu ko da bai ware su ba: zaɓen mafi girma da gangan, da sayen damar kisa da kuɗi. Na farkon yana da illar da aka auna. A dutsen Ram na Alberta, binciken Coltman da abokansa (2003) ya nuna ƙahon ragunan dutse ya ragu cikin kimanin shekara 30 saboda ana ɗauke masu manyan ƙaho tun ba su gama barbara ba. A Sikandinebiya, Swenson da abokansa (1997) sun gano cewa idan aka kashe babban namijin beyar, baƙon namijin da ya gaji wurinsa yakan kashe 'ya'yan da ya tarar don uwar ta sake karɓar namiji, ko da yake nazarin da aka yi a Alaska bai ga haka ba. Farautarmu ta gayya ba ta zaɓe. Ita tata illar daban ce, domin takan cinna wa daji wuta ta kwashe babba da ƙarami da mai ciki.

Wannan ne ya sa nake ganin ra'ayin malamin yana da haɗari, ba kuskuren ilimi kawai ba ne. Gwanki da mariri da jimina da raƙumin dawa sun bar sunayensu a karin maganarmu, amma yaron Kongolam na yau bai taɓa ganinsu a dajin garinsu ba. Faɗaɗar gonaki, da farin 1973 da na 1984, da yawaitar bindiga duk suna da kaso, haka ma attajiran ƙasashen Larabawa da suka riƙa zuwa Nijar farautar tuji da shaho. Idan muka ce duk ɓarnar daga waje ta zo, mun cire hannun maharbinmu daga laifi, mun kuma cire shi daga gyara. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta ɗauke shi a matsayin wanda za a tsare, ra'ayin malamin ya ɗauke shi waliyyi, duka biyun ba su yi magana da mutumin da ke son a yi masa kiɗa ba.

Abin da jama'a ke yabo yana canzawa, kuma da sauri. Lardin British Columbia na Kanada ya hana farautar beyar nau'in girizili a 2017 alhali akwai kimanin 15,000, kuma gwamnati ta faɗa a fili cewa jama'a ne suka daina yarda da abin. Kusa da mu, raƙuman dawan Kure a Nijar sun ragu zuwa 49 a 1996, aka hana taɓa su, mutanen ƙauyukan suka zama masu yi wa baƙi jagora, suka haura 600, har aka ɗebi 8 aka kai gandun Gadabeji na jihar Maraɗi a 2018. A ƙasar Daura kayan aikin suna nan: akwai Sarkin Dawa da Sarkin Baka waɗanda maharba ke jin maganarsu, akwai makaɗan da ke yanke wa ya cancanci kirari, akwai kuma tsohuwar al'adar cewa daji yana da lokacin buɗewa, wanda ke nufin yana da lokacin rufewa. Matsalar da na hango ita ce iyaka. Daji ɗaya ne daga Kongolam zuwa Matamaye, don haka ranar da masarautar Daura za ta sa ba za ta yi aiki ba sai sarakunan Kance da Damagaram sun sa irinta a nasu ɓangaren.