Ƙaramar bindiga ma bindiga ce

Wani uba ya aiko mana tambaya gidan rediyo: wace bindiga ta dace yaro ya fara koyon saiti da ita?

To, bari mu koma baya. A 1845 wani Bafaranshe, Flobert, ya ƙera ɗan harsashin da ake buga wa bakin gindi ya tashi, don harbin gwaji cikin ɗaki. A 1887 kamfanin Stevens na Amurka ya fito da harsashi mai lamba 22. Bindigarsa ba ta dukan kafaɗa, ƙararta kaɗan, harsashi ga arha. Shi ya sa masu koyo ke farawa da ita, musamman mai cin harsashi ɗaya.

Amma fa harsashin nan yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi, kuma yana kisa. Muna yara aka ƙona makaman tawaye a Agadas, ranar 25 ga Satumba 2000. Iyayenmu sun san abin da bindiga ta ci mana.

Saboda haka Malam, in babu takardar izinin hukuma, babu fili keɓaɓɓe, babu babba tsaye kusa da shi, a bar yaro da dankonsa tukuna.