Daga Hannun Maƙeri Zuwa Hannun Soja: Tarihin Kwance Ƙaramar Bindiga da Harhaɗa Ta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka kai ga ƙera ƙaramar bindiga wadda mai riƙe da ita zai kwance, ya goge, ya mayar da kansa ba tare da ya nemi maƙeri ba. A yau ana ɗaukar wannan abu ne mai sauƙi, amma sai da aka shafe fiye da shekara 100 kafin a cim masa. Za a nuna cewa abu biyu ne suka haifar da shi, wato matsalar tsatsa da kuma daidaita sassan bindiga.

2.0 Matsalar Tsatsa

Albarushin dā haɗi ne na gawayi da farar wuta da wani nau'in gishiri. Idan aka harba, kusan rabinsa ba ya zama iska, sai ya bar toka a cikin bututun bindiga. Tokar nan tana jawo laima, laima kuwa ita ce uwar tsatsa. Saboda haka bindigar da aka bari ba wanki takan cije, ko ta ƙi tashi a daidai lokacin da ran mai ita ya dogara a kanta. A 1884 wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi, toka ta ragu ƙwarai. Duk da haka tsatsa ba ta kau ba, domin sinadarin da ke tayar da wuta a gindin harsashi yana barin gishiri a bututu. Wanki ya ci gaba da zama dole, kuma ba ya yiwuwa sosai sai an kwance bindiga.

3.0 Daidaita Sassa

A ƙarni na 18 kowace bindiga aikin hannu ce. Maƙeri yakan goge kowane sashe da magagari har ya zauna da ɗan'uwansa, don haka kunamar wannan bindiga ba ta shiga waccan. Idan abu ya karye a fagen fama, sai a jira maƙeri ya ƙera wani. A 1785 Honoré Blanc ya nuna a Faransa cewa ana iya ƙera sassa bisa ma'auni ɗaya. Ya baje sassan kunamun bindigogi 50, Thomas Jefferson, jakadan Amurka a lokacin, ya tsinci sassa yadda ya ga dama ya harhaɗa, suka zauna daram. Ya rubuta wa gwamnatinsa labari.

A Amurka ne tunanin ya yi saiwa. A 1813 gwamnati ta ba Simeon North kwangilar ƙananan bindigogi 20,000, da sharaɗin cewa sashen kowace ya shiga kowace daga cikinsu. Faɗa ta fi cikawa sauƙi, domin sai a shekarun 1820 John Hall ya tabbatar da hakan a ma'aikatar makamai ta Harpers Ferry, ta hanyar amfani da injuna da ma'aunai masu yawa.

4.0 Daga Colt Zuwa Glock

Samuel Colt ya sami rajistar libarbarsa a 1836. An tsara ta yadda za ta rabu gida uku idan an zare wani ɗan ƙarfe da ke riƙe da bututu. Sai dai har bayan baje kolin Landan na 1851, inda Colt ya yi suna, sassan bindigoginsa suna bukatar gugar hannu, shi ya sa ake buga lamba ɗaya a kan manyan sassan kowace bindiga don kada a cakuɗa su.

John Browning ne ya kai aikin ga gaci. A wani gwaji an harba harsashi 6,000 da bindigar da ya tsara ba tare da ta cije ba, ana tsayawa ana goge ta a tsakani. Sojan Amurka ya karɓe ta a 1911, ta zama ƙaramar bindigarsa har 1985. Soja yana iya raba manyan sassanta da hannu kawai. Daga nan horon soja ya rabu biyu: kwancewa ta yau da kullum aikin mai bindiga, warwarewa baki ɗaya kuwa aikin makanikin makamai.

A 1982 sojan Ostiriya ya zaɓi Glock 17, wadda sassanta ba su kai 40 ba. Amma sauƙi ya zo da nasa haɗari, domin sai an ja kunama kafin a kwance ta, kuma wanda ya manta harsashi a ciki yakan harbi kansa ko na kusa da shi. Bindigar da sojan Amurka ya zaɓa a 2017 ba ta bukatar jan kunama wajen kwancewa.

5.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya bar sawu a Hausa. Kalmomin bindiga da albarushi da harsashi daga Larabci suke, libarba kuwa daga Ingilishi. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka, don haka bindigar da talaka ya sani ita ce ta toka, wadda gyaranta ke hannun maƙera. Watakila wannan na cikin dalilan da suka sa Hausa ke da kalma irin kunama ga tsohon sashe, amma sassan ƙaramar bindigar zamani sai dai aro ko kwatance. Tattara kalmomin da ke bakin maƙera da maharba da tsofaffin sojoji aiki ne da ke jiran masana harshe, tun masu su suna raye.