Liƙa ledar duhunta gilashin mota a lokacin sanyi

Ledar duhunta gilashin mota siririyar leda ce ta roba nau'in poliyesta, wadda ake liƙawa a gilashi ta cikin mota domin rage zafin rana da haskenta. Ana iya liƙa ta a lokacin sanyi, sai dai takan daɗe kafin ta kama.

Yadda sanyi ke shafar aikin

Kafin a ɗora ledar ana fesa ruwan sabulu a gilashin, sannan a matse shi waje. Ɗan ruwan da ya rage dole ne ya bushe kafin gam ya riƙe. A lokacin zafi hakan yakan ɗauki kwanaki kaɗan, amma da sanyi yana iya kai makonni. Idan sanyin ya kai digiri 0 a ma'aunin Salshiyos, ruwan yakan daskare ya ɓata aikin. Shi ya sa a ƙasashe irin su Kanada ake yin aikin cikin rufaffen gareji mai ɗumi.

Kulawa

Ba a sauke gilashi sai ledar ta kama, don kada gefenta ya ɓare. Hazo da ƙananan kumfan ruwa sukan ɓace da kansu, saboda haka ba a huda su.