Daga tsumma zuwa famfas: ƙunzugun jariri a ƙasar Gezawa

Kafin a san nafkin a ƙauyukan Gezawa, tsohon zane ne ƙunzugun jariri. Uwa kan yayyaga shi ta shimfiɗa a ƙarƙashin yaro, kuma tun yana ɗan watanni take zaunar da shi a kan ƙafafunta ya yi bayan gida, don wanki ya ragu. Daga baya farin nafkin mai kama da tawul ya shigo daga kasuwannin Kano, da fil ɗinsa da wandon roba. Ƙa'idarsa kaɗan ce: a ɗauraye kashi nan take, a wanke da sabulu da ruwan zafi, a shanya har ya bushe ƙayau. Sai a watan Agusta, da rana ke ɓuya, uwa ke gane kurenta, domin ɗanyen nafkin ne ke sa gindin yaro ya saɓule.

Wannan wahala ce ta buɗe wa famfas ƙofa. Kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers a Amurka a 1961, sunan kuma ya zama na kowane ƙunzugun yarwa a bakin Bahaushe. A Disamba 2023, bayan faɗuwar naira, kamfanin ya sanar da daina sarrafa kayansa a Najeriya.

Amma a Gezawa zancen ya wuce tsada. Gona a nan ba ta hutawa, taki ne ke riƙe da ita, kuma juji na cikin inda ake kwaso shi. Tsumman auduga kan ruɓe ya bi ƙasa. Famfas kuwa, mai leda a jiki, manomi kan sake tono shi da fartanya a daminar baɗi.