Marigayi Manjo Janar Mamman Kontagora (1944–2013)

Manjo Janar Mamman Tsoho Kontagora na ɗaya daga cikin fitattun 'ya'yan Jihar Neja da suka yi wa Nijeriya hidima a fagen aikin soja da aikin injiniya. An haife shi a ranar 20 ga Afrilu, 1944, kuma ɗan asalin masarautar Kontagora ne, wadda Umaru Nagwamatse ya kafa. Ya yi karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sannan ya yi aiki a rundunar injiniyoyin soja, wato sashen da ke shimfiɗa hanyoyi da gina gadoji da barikoki domin sauran dakaru, har ya kai muƙamin Manjo Janar.

Jama'a sun fi saninsa ne a matsayin Ministan Ayyuka da Gidaje a zamanin mulkin Janar Ibrahim Badamasi Babangida. A lokacin da yake riƙe da wannan ma'aikata aka kammala babbar gadar nan ta uku da ta haɗa tsibirin Legas da sauran gari, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990. Haka kuma a wannan zamani aka fito da manufar ƙasa kan gidaje a 1991, aka kafa asusun gidaje na ƙasa a 1992, inda ake cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci domin ba shi rancen gina gida. Ma'aikatan ƙananan hukumomi da yawa sun san wannan ragi a takardar albashi, ko da yake ba duka ne suka ci moriyar rancen ba.

Babbar jarrabawar da ta same shi a ma'aikatar ita ce ta garin Koko da ke tsohuwar Jihar Bendel, Jihar Delta a yau. A 1988 aka gano an jibge dubban ganguna na shara mai guba da aka kawo daga Italiya a wani fili a garin. Ma'aikatarsa ce ke kula da sha'anin muhalli a lokacin, don haka nauyin kwashe dattin ya faɗo a wuyansa. Gwamnati ta tsaya kai da fata har aka ɗora gangunan a jirgin ruwa aka mayar da su Turai, kuma kafin shekarar ta ƙare aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya tare da dokar hukunta masu shigo da irin wannan shara.

A 1995, bayan rikici ya dabaibaye Jami'ar Ahmadu Bello, gwamnatin Janar Sani Abacha ta naɗa shi kantoman jami'ar. Malamai da dama ba su ji daɗin ganin soja a kan kujerar shugaban jami'a ba, kuma suna da hujja, domin ba haka dokar jami'a ta tanada ba. Duk da haka ya riƙe ta har zuwa 1998, kuma dandalin bikin yaye ɗalibai da ke harabar Samaru yana ɗauke da sunansa.

Daga Zariya Janar Abdulsalami Abubakar ya naɗa shi Ministan Babban Birnin Tarayya a 1998, ya miƙa ragama ga farar hula a watan Mayun 1999. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya shi mataimakin shugaban kwamitin SURE-P, wanda aka ɗora wa alhakin sarrafa rarar kuɗin tallafin man fetur.

Yana kan wannan aiki Allah Ya yi masa rasuwa a Abuja, a ranar 29 ga Mayu, 2013, yana da shekaru 69, ya bar iyali da 'yan'uwa. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, amin.