Daga kyauta zuwa bashi: wa ke biyan kuɗin karatun ɗan Gaya da Ajingi?

Mai karatu, in ka tambayi dattijon da ya yi makarantar boko a shekarun 1950 ko 1960 nawa mahaifinsa ya kashe masa, mai yiwuwa ya ce maka ko sisi. In kuma ka tambayi jikansa da ke jami'a yau, zai lissafo maka kuɗin rajista, kuɗin ɗaki, kuɗin data, wataƙila har da bashin gwamnati da ke jiransa bayan ya gama. Me ya faru tsakanin kaka da jika? Bari mu bi tarihin, mu auna shi da ɗalibin gabashin Kano, wato ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, inda ƙidayar 2006 ta samu mutum kusan dubu 200 a Gaya da kusan dubu 175 a Ajingi, akasarinsu manoma.

Lokacin da hukuma ke neman ɗalibi

A 1909 Hans Vischer, wanda Hausawa ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa cikin Kano. A wancan zamanin kuɗi ba su ne matsala ba, ɗaliban ne babu. Iyaye na ɗari-ɗari da boko, don haka sai a ɗora wa hakimai da dagatai su kawo yara, wasu iyayen har ɓoye 'ya'yansu suke yi. Yaron da aka ɗauko daga gunduma kamar Gaya ya wuce elemantare ya shiga Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa, En'e ce ke ɗaukar yawancin nauyinsa daga baitulmali: abinci, tufafi, littattafai. To amma ka lura, kuɗin baitulmalin nan harajin talakawa ne da jangalin makiyaya. Ke nan manomin Gaya yana biya, sai dai a kaikaice, kuma yaran da ke cin gajiyar ba su da yawa.

Da aka doshi samun mulkin kai, gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta ga ba ta da isassun 'yan Arewa da za su gaji kujerun Turawa. Sai ta riƙa tura ɗalibai Ingila da sauran ƙasashe da kuɗinta, ta kuma kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962. Dalilin tallafin a fili yake: gwamnati na buƙatar ma'aikata, wanda ya gama kuwa aiki na jiransa.

Kuɗin mai, da abin da ya biyo baya

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, nauyin tallafin karatu ya koma hannun jihohi. Shekarun 1970 kuɗin man fetur suka shigo. Aka fara shirin firamare kyauta na UPE a 1976, aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, a shekarar ce kuma Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a. Gwamnatin tarayya ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'inta. Ɗalibi na cin abinci mai rangwame a makaranta, ga kuma alawus daga hukumar tallafin karatu ta jiharsa, abin da 'yan makaranta ke kira sikolashif.

Wannan daula ba ta daɗe ba. A watan Afrilun 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙara kwabo hamsin a kuɗin abincin ɗalibi na yini, ɗalibai suka fito zanga-zangar neman a tsige kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayuka a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 an daina ciyarwar gaba ɗaya, sannan shirin tsuke bakin aljihu na Babangida ya zo a 1986, darajar naira ta faɗi.

Ga yadda alawus ke mutuwa ba tare da an soke shi ba. Ana yanke shi ne a kan wani adadi na naira, sai ya shekara da shekaru bai motsa ba, alhali farashin masara da kuɗin mota suna hawa kullum. A takarda tallafin na nan, a kasuwa kuwa ya zama kuɗin sabulu. Ga kuma yawan ɗalibai da ya ninka sau da yawa, ana raba tukunya ɗaya ga bakuna masu yawa.

Bashin karatu ma ba yau aka fara shi ba. Gwamnatin Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai lamuni a 1972. Da yawa sun karɓa, kaɗan suka biya, don babu hanyar bin sawun mutum in ya bar makaranta. A 1993 aka maye gurbinta da bankin ilimi, shi ma bai yi wani tasiri ba. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Jami'a ta matso kusa, jirgi kuma ya tashi

Ga ɗan Gaya da Ajingi, wani babban sauƙi ya zo ta hanyar da ba a kiranta tallafi. A 2001 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil ta fara aiki, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a Jigawa. Gaya na kan hanya tsakanin garuruwan biyu. Ɗalibin da zai iya zuwa gida ƙarshen mako ya ɗebo gero da wake da ƙuli-ƙuli, ya rage wa kansa kashe kuɗi fiye da abin da alawus ɗin jiha zai ba shi.

A mulkinsa na biyu, 2011 zuwa 2015, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya ɗauko salon da ya fi jan hankali: tura ɗalibai waje. Rukunin farko da aka fi sani da 501 sun tafi yin digiri na biyu, wasu rukunan suka biyo baya, har da masu koyon likitanci da tuƙin jirgin sama. Da yawansu 'ya'yan talakawa ne, kuma yau wasunsu suna koyarwa a manyan makarantun jihar.

Sai dai akwai lissafin da ya kamata ka sani. Jami'ar waje da dala ake biyanta, jiha kuwa naira take samu. A 2012 dala ɗaya tana wajen naira 160, a 2024 ta haura 1,500. Ɗauki misali kuɗin makaranta dala dubu biyar a shekara: da naira dubu 800 ne, a 2024 kuwa miliyan bakwai da rabi. Digirin likita kuma yakan ɗauki shekara shida, ya fi wa'adin gwamna ɗaya tsawo. Da gwamnati ta canza, naira kuma ta karye, bashi ya taru. Wasu ɗaliban Kano a Jami'ar Near East da ke arewacin Cyprus sun gama karatu amma aka riƙe takardunsu shekaru, sai a 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta biya sama da naira biliyan biyu aka sake su. Ka ga a nan gwamnati ce ta ci bashin, amma ɗalibi ne ya zama jingina.

Yanzu bashin ya dawo kan ɗalibi

A 2023 an cire tallafin mai, jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista, har da Bayero. Gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai dubu bakwai a Bayero, ta rage rabin kuɗin manyan makarantunta, ta kuma dawo da tura ɗalibai waje da shirin mutum 1,001 zuwa Indiya da Yuganda.

Ita kuwa gwamnatin tarayya bashi ta kawo. Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta zo da sharuɗɗa masu tsauri, kamar kawo masu tsaya wa mutum biyu, sai aka sake ta a Afrilun 2024, asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu. Yadda yake aiki: ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ɗalibi kuma zai iya neman naira dubu 20 duk wata na ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa, abin da ke da muhimmanci ga wanda ke gudun riba. Biya na farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi goma cikin ɗari na albashi. Salon cirewa gwargwadon samu Ostareliya ce ta yi fice da shi tun 1989. Ya bambanta da na Amurka, inda bashin ɗalibai mai ruwa ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi.

Yi lissafin da kanka. A ce kuɗin makaranta dubu 100 ne a shekara, ka kuma karɓi dubu 20 duk wata har shekara huɗu. Jimla naira miliyan ɗaya da dubu 360. In albashinka mafi ƙanƙanta ne na ƙasa, dubu 70, za a riƙa cire dubu bakwai, sai ka shekara goma sha shida kana biya. In dubu 150 ne, shekara bakwai da rabi. Tunda babu ruwa, hauhawar farashi na rage nauyin bashin a kanka, amma tana cinye asusun da ƙannenka za su ranta gobe. Bambancin yau da 1972 shi ne lambar NIN da BVN, waɗanda ke sa bin sawun mai bashi ya yi sauƙi. Sai dai wanda ya koma gona ko kasuwar Gaya ba shi da albashin da za a cira, kuma a nan ne za a gane ko asusun zai ɗore.

Abu na ƙarshe, duk waɗannan shirye-shiryen suna fara aiki ne a ƙofar jami'a. Yarinyar ƙauyen Ajingi da ta tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare, ko yaron da ya rasa kuɗin NECO da JAMB, ba sa cikin lissafin 501 ko NELFUND. Don haka in kana da ƙane ko ɗa a sakandare, fara da abin da ke hannunka: a yi masa NIN da wuri, a tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a kowace takarda, a karɓo shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Kafin kuma ya sa hannu a kowane fom, ku tambaya a fili: wannan kyauta ce ko bashi, wa zai biya, kuma har zuwa yaushe?