Rikicin Zaɓen Shugabanni a Ƙungiyoyin Gama Kai: Waiwaye Daga Turawa ta Ƙasar Karaye

Gabatarwa

Turawa gari ne a Ƙaramar Hukumar Karaye, a yammacin Jihar Kano, kusa da madatsar ruwa ta Challawa wadda aka kammala a shekarar 1992. Mutanen wannan yanki da maƙwabtansu na Rogo manoman masara ne da dawa da rake, akwai kuma masunta da masu noman rani. Da yawa daga cikinsu ta hanyar ƙungiyoyin gama kai suke samun taki da iri da rance, saboda haka duk wanda ya riƙe shugabancin ƙungiya ya riƙe wani ɓangare na abincin jama'a. A wannan maƙala zan bi diddigin yadda zaɓen shugabannin waɗannan ƙungiyoyi ya zama abin kai ƙara, da abin da doka ta tanada, da kuma abin da na gani a shekarun da na yi ina aikin gwamnati.

Asalin Al'amarin

Taimakon juna daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Muna da gayya, muna da adashi, kuma kowannensu yana da jagora. Sai dai ba a ƙirga hannu kafin a sami uwar adashi ko sarkin noma. Amana da shekaru da yardar dattawa su ne ke ɗora mutum, kuma ba shi da wa'adin sauka.

Tsarin ƙuri'a daga waje ya zo. A shekarar 1844 wasu ma'aikata su 28 a garin Rochdale na ƙasar Ingila suka kafa ƙungiya bisa ƙa'idar cewa kowane memba ƙuri'a ɗaya gare shi, komai yawan jarinsa. Turawan mulkin mallaka suka kai tsarin Indiya da dokar 1904, suka ɗora masa babban jami'i mai suna Rijistara. Daga can ne Mista C. F. Strickland ya zo Nijeriya ya rubuta rahoto a 1934, aka kafa dokar ƙungiyoyin gama kai a 1935. Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1956, Jihar Kano kuma ta gaje ta bayan an ƙirƙiro ta a 1967.

Zamanin Gyaɗa

A ƙasar Kano gyaɗa ce ta ba waɗannan ƙungiyoyi ƙarfi. Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, ta kan ba haɗaɗɗun ƙungiyoyi lasisin sayen gyaɗa da auduga, gwamnati kuma ta tsaya musu a banki don su ba manoma rance kafin damina. Daga nan kujerar shugaba da ta ma'aji da ta sakatare suka yi daraja, domin su ne ke rubuta sunan wanda zai sami rance. A ƙauyuka da dama sai ka tarar dagaci ko wani attajirin gari shi ne shugaba, kuma talaka yana jin nauyin ɗaga hannu ya saɓa masa a bainar jama'a. Don haka a wancan lokaci ƙorafi ya fi ƙara yawa. Maganar takan ƙare a zauren dagaci ko a gaban hakimi.

Cutar da ta halaka gyaɗa a 1975, da rushe hukumomin ciniki a 1986, sun sa ƙungiyoyi da yawa sun kwanta. Abin da ya farfaɗo da su shi ne rabon takin zamani, da shirin Fadama na shekarun 1990, da kuma shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya da aka ƙaddamar a 2015. Waɗannan shirye-shirye ta hannun ƙungiyoyi suka bi. Abin lura a nan shi ne, duk lokacin da kuɗi ko kaya suka shigo daga waje, a lokacin ne ake tuna cewa wa'adin shugabanni ya ƙare.

Abin da Doka ta Tanada

Dokar Tarayya mai lamba 90 ta shekarar 1993 ta yarda mutum goma su yi wa ƙungiya rajista, ta kuma tabbatar da ƙuri'a ɗaya ga kowane memba. Dokokin cikin gida na kowace ƙungiya su ne ke bayyana wa'adin kwamiti, da ranakun sanarwa kafin babban taron shekara, da adadin mutanen da dole su halarta kafin taro ya inganta.

Idan saɓani ya taso a kan harkokin ƙungiya, doka ta ce a fara kai shi gaban Daraktan ƙungiyoyin gama kai, wato magajin Rijistara. Shi ne zai yanke hukunci da kansa ko ya naɗa mai sasantawa, kuma akwai damar ɗaukaka ƙara. A nan lauyoyi suke samun abin ja. Wasu su ce zaɓe yana cikin harkokin ƙungiya, don haka kotu ba ta da hurumi sai an gama da Darakta. Wasu kuma su kafa hujja da Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ba Babbar Kotun Jiha faffaɗan iko, ya kuma ba kowa haƙƙin a saurare shi. Sau da yawa a kan wannan gardama ta hurumi ake ɓata watanni, ba a ma taɓo maganar wanda ya ci zaɓe ba. Ita kanta Indiya, inda muka aro tsarin, sai da ta gyara dokarta a 2023 ta kafa hukuma ta musamman don gudanar da zaɓen ƙungiyoyin da suka ratsa jiha fiye da ɗaya.

Inda Gizo ke Saƙa

A iya abin da na gani, rikici yakan taso ne daga abubuwa uku: ƙin kiran taron shekara, kiran taro ba tare da sanar da kowa ba, da cusa sababbin sunaye a littafin membobi ana gobe zaɓe. Na ukun ya fi muni.

Na taɓa halartar zaman sasanta wata ƙungiyar manoman rani a wannan yanki namu. Ɓangarori biyu suka zo, kowane da shugabansa da hatiminsa. Jami'in da aka turo bai tsaya sauraron rantse-rantse ba. Littafin membobi ya nema, da rasiɗan kuɗin shiga, da littafin bayanin taro. Sai aka ga jerin sunaye da aka rubuta rana ɗaya da biro ɗaya, babu rasiɗi ko guda. Aka soke zaɓen, aka sa ranar wani. Amma kafin a kai ga haka banki ya rufe asusun ƙungiyar saboda bai san sa hannun wa zai karɓa ba, lokacin dashe ya wuce, takin da aka ware musu aka ba wasu. Shugabannin biyu surukan juna ne, kuma sun daɗe ba sa ga-maciji. Wanda ya fi kowa asara shi ne ƙaramin manomi mai fuloti ɗaya, wanda bai taɓa neman kujera ba.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa mun karɓi ƙuri'a amma ba mu ba rubutun da ke tsare ta muhimmanci ba. Kakanninmu sun dogara da shaidar dattawa, ita kuwa doka takarda take tambaya. Shawarata ga ƙungiyoyin Turawa da Karaye da Rogo ita ce su riƙa kiran taron shekara ko da babu abin rabo, su karanta sunayen membobi a fili kafin zaɓe, su kuma ajiye kwafin littafinsu a ofishin gama kai na ƙaramar hukuma. Ina kuma roƙon iyalan tsofaffin sakatarori da su adana littattafan zamanin gyaɗa da ke cikin adakokinsu, kada gara ta cinye su, domin a cikinsu ne sunayen manoman ƙasar nan da abin da suka noma suke. Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, amin.